Wai da gaske kurkum da zoɓo suna narkar da kitsen hanta?

Tambayar da wata Hajiya ta aiko ita ce: an yi wa maigidanta sikanin ɗin ciki aka ce akwai kitse a hantarsa, shekarunsa 47, yana da teɓa, sugansa ya ɗan fara hawa, kuma ba ya shan giya. Sai aka turo mata wani bidiyo wai masana sun gwada kurkum da zoɓo da koren shayi a kan ƙwayoyin hanta sun ga kitsen ya narke, har da hoton kafin da bayan. Shin ta sayo masa kafson da ake talla?

Hajiya ki riƙe kuɗinki tukuna. Binciken da suke magana ba ƙarya bane, an yi shi, an ma yi irinsa ɗaruruwa, kuma irin aikin da muke yi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, kenan, shi yasa nake so in nuna miki yadda ake samo wannan hoton, in kin gani ke da kanki za ki gane inda mai tallan ya yi tsalle.

Yawancin waɗannan gwaje-gwajen da wasu ƙwayoyi ake yi da ake ce wa HepG2. Asalinsu daga ƙarin da aka cire a hantar wani yaro ɗan shekara 15 aka samo su a 1975, tun daga lokacin ake ta rainonsu ana rarrabawa a labobin duniya. Kinga tun a nan akwai magana, ƙwayoyin cutar kansa ne ba na lafiyayyar hanta ba, ana son su ne saboda basa mutuwa da wuri, suna da arha, ɗalibin digiri na biyu ma zai iya riƙe su. To sai a shuka su a wani ɗan faranti na roba, a ajiye a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, in sun kama sai a zuba musu kitse iri biyu, oleik da palmitik, sau da yawa kashi biyu na farkon kashi ɗaya na biyun, a bar su kwana ɗaya. Washegari sun cika tam da ɗigon mai. Sai a raba, wasu a ƙyale su haka, wasu a ɗiga musu kurkumin wato sinadarin da ke cikin kurkum, ko ruwan zoɓo da aka tace, a sake jira, sannan a zuba wani jan rini mai suna Oil Red O wanda kitse kawai yake kamawa, a leƙa ta madubin ƙara girma a ɗau hoto. Farantin farko jawur, na biyun jan ya ragu. Shikenan hoton da kika gani.

Matsalar da tafi damuna ita ce yawan abin da ake ɗigawa. A faranti ana zuba kurkumin kai tsaye a kan ƙwayoyin, babu ciki babu hanji babu komai a tsakani, kuma yawanci maikuromola 10 zuwa 50 ake sawa, wato ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa. Amma mutum in ya haɗiya, hanji baya tsotsar kurkumin sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanji da ita hantar kanta suna canza masa kamanni nan take su shirya shi don fitarwa. A Lesta ta Ingila an taɓa bai wa marasa lafiya giram 3.6 na zallar kurkumin kullum, abin da aka samu a jininsu bai wuce nanomola 11 ba, alhali nanomola dubu ne ke yin maikuromola ɗaya, wato ya gaza abin da ake zubawa a faranti da kamar ninki dubu. Kuma garin kurkum na kasuwa kurkumin ɗin cikinsa bai fi kashi 3 cikin ɗari ba ko kusa da haka, kenan kafin mutum ya kai wancan giram 3.6 ɗin sai ya ci garin fiye da giram 100 a rana, wa zai iya? Banda haka shi kurkumin abu ne mai launi kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin wasu fitilun na'ura, yana rikita awo, masana haɗa magunguna sun daɗe suna ƙorafi a kansa cewa kusan duk gwajin da aka sa shi sai ya nuna kamar yana aiki.

Sai kuma abin da mutane basu cika sani ba, raguwar jan ɗigon nan ba lallai yana nufin ƙwayar ta samu lafiya ba. Ƙwayar da ke mutuwa ma kitsenta raguwa yake, in mai binciken bai auna ko suna raye ba to hotonsa bai ce komai ba. Kai ko da suna raye ma. Ɗigon man nan da muke gani hanyar da ƙwayar take bi ne ta ɗaure kitse mai cutarwa ta killace shi, palmitik in yana yawo a sake shi ke kashe ƙwaya, in aka dunƙule shi cikin ɗigo sai ya lafa. A 2007 wasu masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun toshe enzayim ɗin, wato sinadarin jiki, da ke kammala haɗa wannan ɗigon a jikin ɓeraye, kitsen hanta ya ragu kamar yadda suka zata, amma lalacewar hantar da tabonta sai suka ƙaru. A 2017 kuma aka gwada wani magani a jikin mutane mai hana hanta ƙera sabon kitse, cikin wata ɗaya kitsen hanta ya sauka da kashi 36 cikin ɗari, amma kitsen da ke yawo a jini ya yi tashin gwauron zabi. Don haka duk wanda ya ce miki abu kaza ya rage kitse a ƙwayar hanta, ki tambaya to ina kitsen ya tafi, an ƙona shi ne, an tura shi jini ne, ko ƙwayar ce ta mutu.

Bari in faɗa miki yadda kitsen ke taruwa tun farko, don a nan ne maganar maigida take. Ki ɗauki hanta kamar sito mai ƙofar shigo da kaya da ƙofar fitarwa, in shigowa ta fi fita sai kaya su jibge. Da zarar ƙwayoyin da suka tara mai sun wuce kashi 5 cikin ɗari sai a ce akwai kitsen hanta. A 2005 wasu masu bincike a Minnesota sun yi wani aiki mai kyau, suka bai wa masu wannan matsalar abinci da ƙarin ruwa masu ɗauke da alama don a iya bin sawun kowane kitse, sannan aka ɗebo ɗan tsokar hantarsu aka duba. Kashi 59 cikin ɗari na kitsen daga kitsen jikin mutum ya taho, wato na tumbi da sauran jiki da ke tsiyayowa cikin jini. Kashi 26 hantar ce ta ƙera da kanta daga siga da sitaci. Kashi 15 kacal ne ya zo kai tsaye daga maiƙon abincin da aka ci. Mutum tara ne a binciken, kaɗan ne, amma ayyukan da suka biyo baya basu rushe hoton ba.

Kin lura kaso mafi girma daga kitsen jiki yake fitowa. A lafiyayyen jiki in an ci abinci insulin yana umartar kitsen jiki ya daina sakin mai cikin jini, amma mai teɓa wanda sugansa ya fara hawa jikinsa ya daina jin maganar insulin sosai, sai man ya yi ta kwarara dare da rana, kuma na cikin tumbi jijiyarsa kai tsaye hanta take zuwa. Abin haushin shi ne a cikin ita hantar, insulin ɗin da ya yi yawa a jini yana ci gaba da kunna wani makunni mai suna SREBP-1c wanda ke cewa a ƙera kitse, siga kuma yana kunna nasa ChREBP. Kuma matakin farko na ƙera kitsen yana samar da wani sinadari da ke rufe ƙofar mitokondiriya, inda ake ƙona kitse, tun 1977 McGarry da Foster suka gano wannan a Dallas. Wato lokacin da hanta take ƙerawa bata ƙonawa. To ki gaya min, ɗan kafso ɗaya da safe ina zai kai a wannan ambaliyar?

Ɓangaren fitarwa kuma hanta tana ɗaure kitse ne cikin wasu ƙunshi da ake kira VLDL ta tura jini, kuma haɗa ƙunshin yana buƙatar furotin da wani sinadari kolin, wanda ake samu sosai a gwaiduwar ƙwai da hanta da waken suya. In aka hana mutum kolin kwata-kwata hantarsa tana tara mai cikin 'yan makonni, an gwada an gani. Shi yasa ma yaron da tamowa mai kumburi ta kama, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a Gana a shekarun 1930 da sunan kwashoko, za ki ga duk ramarsa hantarsa cike take da kitse. Kitsen hanta ba na masu ƙiba kaɗai bane. Sannan akwai gado, a 2008 an gano wani sauyi a ƙwayar gado PNPLA3 da ke sa wasu tara kitse a hanta fiye da wasu, ya fi yawa a 'yan asalin Latin Amurka, baƙaƙen fata na Amurka su ne suka fi ƙarancinsa a wancan binciken. Af, HepG2 ɗin nan ma basa iya fitar da VLDL yadda hantar gaske take yi, kinga ko ƙofar fitar tasu ba daidai take ba.

To me aka gani da aka bar faranti aka koma kan mutane? A nan labarin ya yi sanyi. Resberatrol, sinadarin fatar inabi da aka yi ta yayi, a ɓera ya yi abin mamaki, amma da aka bai wa maza masu kitsen hanta giram 3 kullum na sati 8 a Ostireliya kitsen bai motsa ba, lambobin ALT da AST ma, wato gwajin jinin da ke nuna hanta na wahala, ɗan hawa suka yi. Man kifi yana ɗan rage kitsen amma bai nuna yana gyara tabo ba. Zoɓo akwai wani ƙaramin gwaji a Taiwan a 2014, mutum talatin da wani abu, sati 12, an ga nauyi ya ɗan sauka kitsen hanta ya ɗan yi sauƙi, abu ne mai ban sha'awa amma tataccen sinadari aka basu a kafso, kuma mutum talatin basu isa a kafa hukunci ba. Zogale yawancin aikinsa a ɓeraye yake. Kurkumin akwai ƙananan gwaje-gwaje da dama, gajeru, yawanci da sikanin ko gwajin jini suka auna ba da tsokar hanta ba. Kofi ne ma yake ta fitowa a manyan binciken da ake bin dubban mutane, masu shan sa tabon hanta ya fi ƙaranci a cikinsu, sai dai wannan lura ce aka yi, ba rabawa aka yi aka ce ku sha ku kar ku sha ba, kuma kofin da ake nufi ba mai cokali huɗu na siga da madarar gwangwani bane.

Wanda ya fi kowa hujja a cikin sinadaran abinci shi ne bitamin E. A gwajin PIVENS da aka buga a 2010, mutum 247 marasa ciwon suga waɗanda hantarsu ta riga ta kumbura, an basu IU 800 kullum na sati 96, aka ɗebi tsokar hanta kafin da bayan, kashi 43 cikin ɗari sun samu sauƙi, a masu shan ƙwayar da babu magani a ciki kuma kashi 19. Wannan shi ake kira bincike. Amma ko shi tabon bai gyaru a fili ba, kuma wani babban gwaji daban mai suna SELECT ya nuna mazan da suka daɗe suna shan bitamin E sun ɗan fi kamuwa da kansar mafitsara ta maza wato furostet, don haka ba abin da za ki shiga kemis ki sayo wa namiji ɗan 47 da kanki bane, likitan hanta ne zai auna.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Waɗannan kafson ba wai kawai ƙila basa aiki bane, wasunsu ita hantar suke bugawa. Saboda kamfanoni sun san kurkumin baya shiga jini, sai suke haɗa shi da fiferin, sinadarin baƙin masoro, wanda wani bincike a Indiya a 1998 ya nuna yana ninka shigarsa jini har sau ashirin. To da ya fara shiga da yawa sai aka fara ganin masu ciwon shawara a asibiti. A Italiya a 2019 an samu jerin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkum har hukuma ta janye wasu daga kasuwa, a Amurka ma cibiyar da ke bin diddigin cutar hanta ta dalilin magani ta ba da rahoton irin haka a 2022, har da wanda ya rasu, kuma yawancinsu suna da wani nau'in gado iri ɗaya wanda mutum bai san yana da shi ba sai abin ya faru. Tataccen koren shayi shi ma haka, hukumar kula da abinci ta Turai ta ce a 2018 daga miligiram 800 a rana na sinadarinsa EGCG ana ganin lambobin hanta suna tashi. Shan shayin a kofi ba matsala, barbaɗa kurkum a miya ko shinkafa ba matsala, matsalar a matse abin kofi goma sha a ƙwaya ɗaya a bai wa hantar da dama a wahale take. Su kuma haɗe-haɗen wankin hanta da ake sayarwa a jarka a tasha da bakin masallaci, wanda ba a san me ke ciki ba, wallahi ko kyauta ne kar ya sha.

Abin dariyar shi ne sinadaran abincin da aka tabbatar suna taɓa kitsen hantar mutum suna nan a kicin ɗinki, sai dai ragewa ake yi ba ƙarawa ba, shi yasa babu mai tallansu. Na farko fruktos. Sigan da muke sha rabinsa gulukos ne rabi fruktos, gulukos duk jiki na amfani da shi, shi kuwa fruktos in ya zo da yawa lokaci ɗaya, musamman a ruwa, hanji baya iya tare shi sai ya wuce hanta, kuma hanyar da hanta ke sarrafa shi ta tsallake birkin da ke kan hanyar gulukos. A Kalifoniya a 2009 an sa mutane shan abin sha mai fruktos ko mai gulukos na sati 10, duka sun ƙara nauyi, amma masu fruktos ne ƙera kitse a hantarsu ya tashi da kitsen tumbi. A 2019 kuma aka ɗauki samari 40 masu kitsen hanta a Amurka, rabinsu aka cire musu sigan ƙari daga abincin gidan gaba ɗaya na sati 8, kitsen hantarsu ya sauka daga kashi 25 zuwa 17. Robar lemo ɗaya ta 50cl tana iya ɗaukar siga wajen giram 50, wanda shi ne ma iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda. Ki haɗa da maltina, da shayin safe, da kunun aya, da fura mai siga, da shi kansa zoɓon namu da ake zuba wa siga kofi-kofi da filebo. Zoɓon da aka ce magani ne, yadda muke haɗa shi yana iya zama cikin masu laifin. In zai sha a yi shi da citta da kanumfari ba siga. Zuma ma kar a ruɗe ku, fruktos ne da yawa a cikinta. 'Ya'yan itace da ake taunawa kamar gwanda da lemo da goba basa cikin wannan lissafin.

Na biyu irin man. A Uppsala ta Suwidin a 2014 an ciyar da matasa lafiyayyu kek kullum na sati 7, wasu an yi nasu da man ja na kwakwa wasu da man sunfulawa, nauyin da suka ƙara ɗaya ne amma masu manjan kitsen hantarsu ya fi hawa nesa. A Helsinki a 2018 an ƙara wa mutane kalori 1000 kullum na sati 3, waɗanda ƙarin nasu daskararren kitse ne irin su bota hantarsu ta ƙara mai da kashi 55 cikin ɗari, masu siga 33, masu mai irin na zaitun da gyaɗar turawa 15. Ba ina cewa a kori manja daga gida bane, a gwajin ƙoshi aka yi musu fiye da ƙima da gangan, amma miyar da mai ke iyo a kanta, da kitsen tsire da man shanu a kan kowane tuwo, a rage hannu.

Sai uwa uba nauyi. A Kyuba an bi mutum 293 na shekara ɗaya da abinci da tafiyar ƙafa, aka duba tsokar hantarsu kafin da bayan, waɗanda suka sauke kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu ko fiye, kashi 90 kumburin ya tafi, kashi 45 tabon ma ya ja baya. Babu wani kafso da ya taɓa kusantar wannan. In maigida kilo 95 ne, ana maganar kilo 9 zuwa 10 a hankali cikin watanni, ko kilo 5 ma kitsen zai fara sauka. Gaskiya yana da wuya, a wancan binciken ma kaɗan ne suka kai kashi 10 ɗin, amma tafiya da sauri minti 30 yawancin kwanakin sati tana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa sosai ba. Malmala uku ta koma biyu ko ɗaya da rabi, wake da ganye da kifi da ƙwai su ƙaru, cin dare mai nauyi a kwanta a daina. Maganin asibiti na farko da aka amince da shi don wannan cutar, resmetirom, sai a Maris 2024 ya fito a Amurka, kuma na waɗanda tabonsu ya yi nisa ne, ga tsada.

Kafin duk wannan akwai abin da zan so ku koma wajen likita a kai. Sikanin kitse kawai yake gani, baya faɗin ko akwai tabo, alhali tabon ne ke nuna wanda hantarsa za ta ba shi matsala nan gaba, yawancin masu kitse zalla ciwon zuciya da suga ne ma suka fi yi musu barazana. Ku ce a lissafa masa FIB-4, lissafin da ke hasashen ko akwai tabo, da shekarunsa da AST da ALT da adadin filetlet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ake haɗawa, gwajin jini ne na yau da kullum, in ya fito ƙasa da 1.3 hankali ya ɗan kwanta sai a maimaita bayan shekara ɗaya zuwa uku tunda sugansa na hawa, in ya haura a tura shi FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta. A duba HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugansa na 'yan watannin baya, da kitsen jini da hawan jini. Kuma dole a yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da C, don a Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da nau'in B, da yawa basu sani ba, kuma kitse a kan B ya fi kowannensu shi kaɗai haɗari. In ya fito yana da shi ke da yara ku ma a gwada ku, wanda bai da shi a yi masa rigakafi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, gubar aflatoksin da ke cikinsu hanta take nufa. In kuma har ya riga ya fara shan wani kafso ko jiƙo, ku tafi da kwalbar a nuna wa likitan, idan kuwa kika ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, a dakatar da shi a tafi asibiti a ranar.